Ƙwallon Tsamiyar Inna Baraka

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo tsakar gidan Muttaka a unguwar Utaibiyya, can ƙasa mai tsarki, daidai kututturen tsamiyar da aka sare. Ya ɗaga kai. Ba yaro, ba tsuntsu. Sai na biyu ya faɗo.

Su biyu ne a gidan tun rasuwar matarsa, shi da 'yarsa Manar. Ita mai bincike ce a jami'a. Ƙwallon tsamiya take niƙawa ta yi ƙullu, na'ura ta zana shi siriri-siriri kamar saƙar zuma, domin naman mutum ya samu abin bi ya tofo a kan ƙuna. Tsamiyar kuwa uwarsa, marigayiya Inna Baraka, ce ta shuka, da ƙwallon da ta ƙullo a zane tun daga Kano. Da saiwa ta tsaga bango aka sare ta, Manar ta kwashe ƙwallayen kaf ta niƙe.

A yammacin nan ta fito daga ɗaki, ido a kafe. Yarinyar da ko gaisuwa sai da Larabci, sai ga Hausa tsantsa a bakinta.

"Muttaka, ɗan nan, ka ci abinci kuwa?"

Wallahi haka uwarsa take tambaya. Shekara ashirin rabonsa da jin wannan. Kwana uku bai kira kowa ba, yana zaune suna hira duk magariba, 'yarsa na ramewa a gabansa. Ya san zalunci yake yi. Kaɗaici ne.

Ran na huɗu ta kasa tashi, ya ɗauko Malam Abdulmuhaimin mai ruƙiyya. Malam ya yi karatu har jikinta ya ɗau rawa.

"Wace ce ke?"

"Baƙuwa. A cikin ƙwallo na zo tare da Baraka. Kun sare gidana, na koma cikin ƙwallayen, yarinyar nan ta niƙe su. Tana gina wa nama gida, ni ina zan zauna?"

"Me zai fitar da ke?"

"Ƙwallo ɗaya mai rai. A mai da ni Kano."

Malam ya dubi Muttaka. Muttaka ya miƙe. Sannan ya shiga ɗaki, ya buɗe gwangwanin kwallin uwarsa, ya fito da ƙwallon tsamiya guda ɗaya da ya ɓoye, abin da kawai ya rage masa nata.

"Sai wata rana, ɗan nan," in ji muryar.

Manar ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido. Malam ya naɗe ƙwallon a hankici, ya ce akwai alhajin da zai koma gida ran Asabar.

Ta dubi ubanta, ta tambaye shi da Larabci me ya sa yake kuka. Ya buɗe baki da Hausa, ya tsaya, sannan ya amsa mata da Larabci cewa ba komai.