Mutum Ta Goma Sha Ɗaya a Kwanar Mai Rake

Ranar da Zakariyya'u ya fara ganin Sumayya, ita ce mutum ta goma sha ɗaya a takardarsa.

Yana tsaye a Kwanar Mai Rake, cikin Nasarawa, yana ƙirga masu shiga mota. Kamfanin da yake wa aiki aka ba kwangilar tsara tashoshin sababbin manyan bas. Da zarar sun fara aiki za a hana ƙananan motoci da keke mai ƙafa uku ɗaukar mutum a babban titi, sai a tasha kaɗai za a hau. Inda mutane suka yi yawa a sa tasha, inda babu a wuce. Aikin bai fi haka ba, amma sai da aka nemi mai digiri.

"Malam, awaki kake ƙirgawa?"

Ya ɗago. Budurwa ce cikin hijabi ruwan toka, za ta kemis ɗin da take aiki.

"Fasinjoji nake ƙirgawa."

"Da ƙarfe goma? Ai fasinjojin nan sun kai kasuwa har sun fara gajiya. Ka zo bayan sallar asuba ka ga mutane."

"Aikina daga tara ne zuwa huɗu."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Shi dai abin da ya ji shi ne an ce ya zo. Namiji ɗan shekara ashirin da takwas kunnensa kan tace magana, ya zubar da ma'ana ya riƙe zaƙin murya. Wasunmu har mun haura arba'in matacin bai huje ba.

Kwana biyar ya yi a kwanar. Ya tashi da fasinja talatin a rana, da kuma lambar wayar Sumayya. Na biyun ne kaɗai daidai.

"Tauraruwata, yau na ƙirga mutum talatin, amma ɗaya kawai na gani."

"Malam Ƙidaya, in haka kake aiki gwamnati ta shiga uku. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci. Sauran ganinki."

"Wannan sai gobe. Kada ka zo da takarda."

Wata uku suna haka. A tsakanin ne aka yi taron jin ra'ayin jama'a, a ɗakin taron wani otal, ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya. Mutum ashirin da shida suka zo, duk maza, kuma kowa da motarsa ya zo. Aka ci naman kaza, aka sha lemo, aka tattauna wahalar masu shiga bas cikin tausayi. Wani Alhaji mai sabon jerin shaguna a gaba da kwanar ya ba da shawarar a sa tasha a ƙofar gininsa. Alƙaluman Zakariyya'u suka goyi bayansa. Aka soke Kwanar Mai Rake, shi kuma ya sa hannu a ƙasa da kyakkyawan rubutu.

Bai san mahaifiyar Sumayya, Inna Fatima, busasshen kifi take sayarwa a babbar kasuwa ƙetaren kogi ba. Ko kuwa ya sani, bai taɓa tambayar yadda take zuwa ba. Shekara ashirin da biyu tana sallame asuba ta fito kwanar da kwandonta, tare da maƙwabciyarta Mama Jemimah mai sayar da citta. Yanzu da sababbin bas suka fara aiki, sai sun taka fiye da kilomita ɗaya da kaya a ka, kuma gwiwoyin Inna sun daɗe da fara kuka.

Da aka liƙa taswirar tashoshi a bangon makarantar unguwa, Sumayya ta ɗauki hoton taswirar ta tura masa.

"Wannan sa hannun na san shi. Shi ne a katin da ka ba ni ranar Sallah."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba. Kwana biyu bayan haka ya hango ta a kujerar gaban motar Abdulmalik, ɗan Alhaji mai shaguna, wanda ya daɗe yana zagayen kemis ɗin yana sayen maganin ciwon kan da ba ya damunsa.

"Ashe tasharki ma ta koma ƙofar shagunan," ya rubuta mata.

"Da ka leƙa kujerar baya da ka ga Inna. Ta faɗi a hanya da kwando, asibiti ya kai mu. Amma na manta, ba ka ganin mutum sai daga tara zuwa huɗu."

Ya karanta saƙon a tsaye, ya sake karanta shi a zaune.

Duk da haka ya tura kawunsa neman izini, don saurayi ba ya sanin ranar da ta dace. Mahaifinta Malam Ɗanjuma, mai gyaran agogo, ya ce a turo yaron da kansa. Ya bar shi durƙushe a bakin rumfa kusan rabin awa yana ta gyaran wani agogo, sannan ya miƙo hannu.

"Kawo naka in gani."

Zakariyya'u ya cire ya ba shi. Dattijon ya kara a kunne.

"Lafiyarsa ƙalau. Mai shi ne ya tsaya." Ya ajiye masa a ƙasa. "Kai ne ka rubuta cewa matata ba mutum ba ce?"

"Baba, ba haka na rubuta ba."

"Ka rubuta babu kowa a kwanar. Ita kuma kullum tana can. To mece ce ita? In babu uwar, daga ina 'yar ta fito da kake so a ba ka? Tashi. Ranar da na ga bas ta tsaya a kwanar nan, ka dawo mu gaisa. Kafin nan akwai mai mota."

Washegari Zakariyya'u ya yi asuba a masallacin Nasarawa, ya tsaya a kwanar. Sai ga su suna fitowa daga lunguna: masu kifi, masu waina, masu sharar asibiti, mata da goyo, tsofaffi da buhu a ka. Babu mai tsayawa, kowa wucewa yake zuwa sabuwar tasha. Kafin ƙarfe bakwai ya ƙirga ɗari biyu da sittin.

Mama Jemimah ta rage tafiya ta dube shi.

"Kai ne ɗan biron nan? Riƙe mini buhun nan zuwa tasha, ka sa shi cikin lissafi."

Ya ɗauka. Kafin su kai, wuyansa ya gaya masa abin da jami'a ba ta gaya masa ba.

Sati uku yana ƙirga. Ya kai wa shugabansa, Mista Sylvanus, sababbin alƙaluma.

"Zakari, an riga an buga rahoto, an yi masa bango mai sheƙi. An ji ra'ayin jama'a, ga hotuna."

"Oga, waɗanda ke cikin hoton ba sa shiga bas."

"Su suka zo. Kuskuren na wane ne ma?"

"Nawa ne."

"To ka riƙe abinka."

Bai riƙe ba. Ranar da masu ba da kwangilar suka zo duba aiki, ya kawo su kwanar da ƙarfe shida na safe da sunan nuna musu fentin sababbin tashoshi. Mama Jemimah, wadda ya tsegunta wa ranar, ta riga ta gaya wa matan coci, Sumayya ta gaya wa na Islamiyya. Mata suka sauke kaya a gaban baƙin, kowace ta faɗi nata. Zakariyya'u ya tsaya a tsakiya ya ce shi ya yi ƙidayar, kuma ƙarya ce. Wata tsohuwa ta ce ai sun gani a fuskarsa.

Kafin azahar an karɓe katin aikinsa. Da la'asar saƙon Sumayya ya shigo.

"Na ji an kore ka. Abdulmalik ya ce zai ɗauke ka gadin shaguna."

"Ke me kika ce?"

"Na ce ba ka iya zuwa aiki da wuri ba. Malam Ƙidayata, ka ci abinci kuwa?"

Wata tara aka yi kafin a kafa ƙarfe mai allon shuɗi a Kwanar Mai Rake. A takardar sanarwa an gode wa Alhaji mai shaguna bisa hangen nesansa. Ranar da bas ta fara tsayawa, Malam Ɗanjuma ya duba agogonsa, ya ce ta makara da minti huɗu, amma yaro ya turo manya.

Aka ɗaura aure ranar Asabar. Sai dai wata taran nan sun gama da gwiwoyin Inna Fatima. Ta bar wa wata rumfar kifinta, kuma matakin sabuwar bas ya fi ƙarfin ƙafarta. Tashar da aka dawo da ita, daga tagar ɗakinta take kallonta.

Da ango da amarya suka durƙusa gabanta, Zakariyya'u ya fara ba da haƙuri. Ta ɗaga hannu.

"Bar shi. Jemimah tana hawa, ya isa." Ta ɗora tafinta a kan Sumayya, ta jima, sannan ta ɗora a kansa. "Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai yawa. In sun zo, Sumayya, ke za ki riƙa ƙirga su."

Kowa ya ce amin. Ta ango ce ta fi ta kowa ƙarfi.