Murfin Tukunyar Wafa

Ƙamshin gahawa ne ya tona mata asiri.

Wafa na durƙushe tana zuba wa Gwaggo Raliya a ɗan finjali, sai ƙamshin ya daki hancinta, cikinta ya juya. Ta dangwarar da butar ta kwasa a guje. Ba ta kai banɗaki ba, a gindin dabinon tsakar gida ta amayar da duk abin da ta ci.

Da ta ɗago, gwaggon na tsaye a kanta tana ƙare mata kallo.

"Iyatu!" ta ƙwala wa mahaifiyar Wafa kira. "Zo ki gani. Wannan aman na san shi, ba na zazzaɓi ba ne."

Wafa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Macen da ta rabu da miji tun kafin azumi!" in ji gwaggon. "La haula! Na wane ne?"

Ga yadda aka yi aka zo nan. Wafa 'yar Madina ce, kakanninta suka zo hajji daga ƙasar Hausa suka zauna. Mahaifinta, Sharfuddeen, yana da gonar dabino a unguwar Awali. Mijinta Lawali kuwa ɗalibi ne da ya zo karatu jami'a daga Gusau. So suke wa juna kamar su haɗiye juna, amma ita Allah ya ba ta baki, shi kuma ya ba shi zuciya. In ta yi masa gorin cewa shi baƙo ne mai yawo da iƙama, takardar izinin zama, a aljihu, sai ransa ya ɓaci ya furta saki. Sau biyu ana haka ana mayarwa. Igiya ɗaya ta rage.

A faɗa na uku Lawali ya cije bakinsa ya fita. Ita ce ta kai shi mahkama, wato kotu, a gaban dangi ta ɗaga murya:

"Wallahi ko shi kaɗai ya rage namiji a Madina, ƙafata ba ta sake taka ɗakinsa!"

Alƙalin dattijo ne, ya ga irinsu da yawa. Ya ƙi raba auren. Ya ce ta koma gidan ubanta, shi ya zauna a ɗakinsu na unguwar Ƙiblatain, aure na nan, ciyarwa na wuyansa, amma kowa ya huce a gefensa har a sauke dabinon bana. In lokacin ya yi ba su shirya ba, sai a yi hul'i.

Gwaggo Raliya, ƙanwar mahaifinta, ba ta jira dabino ba. Tuni ta baza wa mata cewa Wafa sakakkiya ce, don ta daɗe tana yi wa ɗanta Saif kwaɗayinta. Turare ma ta fara kawowa.

Ita kuwa mai rantsuwa, sati biyu ba ta yi ba ta fara juyi a shimfiɗa. Wata ranar Alhamis ta ce wa uwarta za ta je ta ɗauko tukunyarta da ta bari. Ta daidaici lokacin da Lawali ke aji, sai ta tarar da shi zaune a ƙasa yana cin busasshen burodi da shayi, ya rame, rigarsa ba guga.

"Tukunyata na zo ɗauka," ta ce, tana kallon bango.

"Tana inda kika bar ta."

"Haka kake ci? Burodi gaya?"

"Wa zai dafa min, habibti?"

Tukunyar dai sai da ta dafa shinkafa kafin ta bar gidan.

Mako na gaba ta tuna ta manta murfin. Na gaba kuma ludayi. Daga nan turmin daka kayan yaji, sai matacin shayi, sai dardumar salla. Haka matar aure ta riƙa sanɗa zuwa ɗakin mijinta kamar ɓarauniya, ta rufe fuska ruf, gabanta na faɗuwa in ta ga mota irin ta babanta.

"Lawali, ina jin kunya," ta taɓa ce masa. "Na rantse a gaban kowa..."

"To mu je mu faɗa wa Abuya," ya ce, yana nufin mahaifinta.

"A'a! Da wane ido? Ka bari tukuna."

Tukunar ce ta kawo su yau.

Gwaggo ta tafa hannu tana salati. "Ni da nake shirin kawo wa ɗana 'yar mutunci! Ashe yawo ake a Madinar Manzo! Aibu, wallahi aibu!"

Hayaniyar ta fito da Sharfuddeen daga majalisinsa, carbi a hannu. Ya dubi 'yar'uwarsa, ya dubi 'yarsa da ke tsugune.

"Wafa. Gaskiya ne?"

Ta kasa ɗaga kai.

"Ya binti, da ke nake magana. Ciki gare ki?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na sauka a kan ƙasa.

Carbin ya suɓuce daga hannunsa. Muryarsa ta dushe, irin yadda ba ta taɓa ji ba.

"Na wa?"

Nan Wafa ta gane ramin da ta gina wa kanta. In ta yi shiru, kafin magariba sunanta da na ɗan cikinta sun ɓaci daga Awali har Haibar. In ta yi magana, ta haɗiye rantsuwarta a gaban uban da ya ajiye aikinsa ya bi ta mahkama, ya tsaya mata, ya ɓata da surukin da yake ƙauna saboda ita. Kunya gaba, kunya baya. Amma ɗayar tata ce ita kaɗai, ɗayar kuwa har da wanda bai zo duniya ba.

"Na Lawali ne, Abuya," ta ce can ƙasa.

"Ƙarya!" in ji Gwaggo. "A ina ya gan ki?"

"Ni nake zuwa." Ta fashe da kuka. "Ni nake binsa! Ba shi ya kira ni ba. Ina son mijina, Abuya, na kasa... Na yi rantsuwar da ta fi ƙarfina."

Sai aka ji tsaki daga ƙofar kicin. Iyatu ce, tana goge hannu da gefen zane.

"Raliya, ki bar min 'ya ta numfasa. Ni na san inda take zuwa."

Wafa ta ɗago a firgice. "Ummi?"

"Ke kin ɗauka ni yarinya ce? Wace mace ce ke ɗauko tukunya ta bar murfi? Ki tafi da hantsi, ki dawo da la'asar da ludayi ɗaya, gashinki a jiƙe! Na yi shiru ne don alƙali bai raba aure ba. Baki ya raba, kuma bakin ya huta."

Wafa ta cusa fuska a cinyoyinta. Wannan kunyar ta fi ta ɗazu zafi.

Gwaggo Raliya ta suri jakarta da kwalbar turaren da ta kawo, ta fice ko sallama babu.

Sharfuddeen ya shiga ya buga wa surukinsa waya. Bayan la'asar sai ga Lawali, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa nesa, kai a ƙasa, gumi na tsattsafo masa.

"Abuya, na ci amanar sulhu. Ku yafe min."

"Matarka ce, wace amana?" Tsohon ya numfasa. "Abin da ya ƙona min rai, kun bar ni na yi zargin 'yata. Ko na ƙiftawar ido ne, na yi."

Wafa ta rarrafa ta kama ƙafarsa. "Samihni, Abuya, ka yafe min..."

Ya ɗora hannu a kanta.

"Rantsuwa tana da kaffara, gobe ki ciyar da miskinai daga dabinon nan, da hannunki. Sai mu koma wa alƙali a rufe magana." Ya juya ga surukinsa. "Kai kuma, igiya ɗaya ce a hannunka. In ta tsinke, ba tukunya, ba murfi."

"Na sani, Abuya. Tun da na kwana ni kaɗai a ɗakin nan na san nauyinta."

"Ke fa? Gorin iƙama?"

"Na bari har abada," ta ce, tana share hanci. "Ɗana ma ai ɗan Gusau ne."

Iyatu ta fito da kwali ta dire a gabansu. Tukunya, murfi, ludayi, turmi, mataci, darduma, duk a ciki.

"Ku kwashe gaba ɗaya," ta ce. "Na gaji da ganinsu."

Lawali ya ɗauki kwalin, Wafa ta bi shi a baya, har yanzu ba ta iya haɗa ido da kowa. Sun kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta zaro murfin tukunyar, ta koma da sauri ta sa a hannun mahaifinta.

"Wannan na manta shi, Abuya," ta ce. "Zan zo ɗauka ranar Alhamis."

Tsohon ya juya baya don kada su ga idonsa, ya rungume murfin a ƙirji.