Bizar Halliru

A kedai ɗin mamak, wato shagon abinci, na unguwar Sentul a nan ƙasar waje da muke zaune suka fara ganin juna, lokacin da korona ta hana zama a ci, sai dai a yi tapau, wato a ƙunshe wa mutum abincinsa, a tafi. Raudatu tana layi da takunkumi a fuska, tana yi mini faɗa a waya da Hausa wai na ƙi shan magani. Saurayin da ke bayanta ya ce da Hausa, har da ɗan "lah" ɗin da mutanen ƙasar ke ƙarawa a magana, "A yi wa Mama a hankali lah." Ta juyo, idanunsa kawai ta gani.

Halliru sunansa, injiniya ne a wani kamfanin sadarwa. Ita kuma 'yata ce, tana aikin haɗa magunguna. Yana ce mata Rauda ta, tana ce masa Injiniya.

Ana haka cutar ta ɗauke babanta, Malam Abdussalam. Ni da ita muna killace a gidanmu na unguwar Titiwangsa, ba mu ga gawarsa ba. Halliru ne ya bi motar gawar har maƙabarta, ya tsaya daga nesa yana kallon masu fararen kaya suna rufe shi.

Bayan na fita takaba sai yaron ya ɗauke ƙafa. Raudatu ta rame, ta ɗauka wata ya samu. Da ta matsa masa, ga abin da ya turo:

"Rauda ta, kamfani ya sallame mu, bizata ta kusa mutuwa. Na nemi wani kamfanin ya ɗauke ni, babu mai ɗauka. Bizar karatu kuma an rufe karɓar ɗalibai. Izinin wata ɗaya za su ba ni in haɗa kaya. Ba na so a ce don takarda na so ki."

Ta mayar masa: "Injiniya, ka aure ni ka zauna a kan bizata. Mama ma a kanta take zaune. In ka tafi yanzu da iyakoki a rufe, yaushe za ka dawo?"

Baffanta Hambali, ƙanin marigayi da ke Zariya, shi ne waliyyinta, kuma ya ƙi. Ya ce ba zai ba da 'yar ɗan'uwansa ga wanda mace za ta riƙe ba, tunda mai irin wannan biza ba ya aiki sai ya samu tasa. Halliru bai yi musu ba, ya fara raba kayan ɗakinsa.

Ban saba sa baki a maganar maza ba, amma na kira Baffa. Na ce, "Ranar da aka binne yayanka kana Zariya, ni ina kulle. Yaron nan kaɗai ya tsaya masa. Ban san wani riƙo da ya wuce wannan ba." Sai ya ce su Halliru su turo magabata.

A Zariya aka ɗaura auren, ba ango ba amarya, wakilai kawai. Mu uku muka zauna a falo, waya a kan tebur. Da aka zo wajen bayarwa, Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Na ba Halliru auren 'yata Raudatu."

Muryar marigayi Malam ce sak, har yadda yake jan sunanta. Raudatu ta riƙe hannuna. Ba ta sake ni ba sai da muka ji ana shafa fatiha.

Takardar auren ta iso kafin izininsa ya ƙare, aka buga masa biza a ƙarƙashin matarsa. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya kai haske kabarin Malam.