Injin da Ya Fara da Jinin Gida

Duk wanda ya san Dakta Sharfaddeen a Daura ya san ba mutumin banza ba ne. Gajiya ce ta kai shi inda ta kai shi. Tun da ciwon daji ya kashe mahaifiyarsa ya ƙudurta gina ɗakin gwaje-gwaje, inda za a binciki sinadarin furotin na cikin jini a gano cutar tun ba ta yi nisa ba. Shekara tara yana rubuta takardun neman tallafi. Ya je Katsina, ya je Abuja, ya yi zaman benci har ya gaji. Kowa sai ya ce, "Allah ya taimaka, Dakta," a sallame shi. Daga baya kuwa ba maganin kaɗai yake so ba, so yake ya ga sunansa a goshin gini.

Wani direban tasi mai suna Sada ne ya ba shi labarin boka Kabo, wanda ya bar gari tun da aka ƙaddamar da Shari'a, ya tare a daji bayan garin Babban Mutum, dab da iyaka.

Da tsakar rana suka isa. Sada ya ƙi fita daga mota. Bukkar bokan tana gindin wata tsohuwar kuka, an rataye ƙahonni da jan ƙyalle a bakin ƙofa. A ciki akwai baƙar tukunya cike da ruwa, ƙudaje na zagaya ta amma ba mai sauka.

"Kuɗi kake so," in ji Kabo, bai ko ɗago kai ba.

"Ba don kaina ba. Cuta zan bincika."

"Duk haka kuke cewa. Kuɗi za su zo. Amma mai binciken cuta ai sai da masu cutar. Mutanena za su kawo maka su."

"Asibiti cike yake da su."

"Ban tambaye ka asibiti ba. Ka yarda a kawo maka?"

Sharfaddeen ya tuna shekarun nan tara. Ya ce ya yarda. Kabo ya sa shi ya maimaita sau uku, ya tsaga masa babban yatsa, jini ya ɗiga a tukunya. Ruwan ya motsa kamar an hura shi daga ƙasa.

Ba a yi wata biyu ba wata gidauniya daga ƙetare, wadda bai taɓa rubuta wa ba, ta aiko da tallafi. Gini ya tashi a hanyar Zango, aka sauke injuna da firji da janareta. Masu wuce shi a da suka koma gaishe shi da rusunawa.

Ranar gwada babban injin ana bukatar jinin mai lafiya. Matarsa Raihana ta miƙa hannu tana dariya. Da sakamako ya fito sai ga alamar cutar. Ya ce injin ne bai daidaita ba, ya ɗebi jinin 'yarsu Murja. Ita ma haka.

Raihana ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta. Wata rana ta riƙe hannunsa ta ce, "Baban Murja, kai da ka san cutar nan, babu abin da za ka yi mana?" Ta rasu kafin azumi, Murja ta bi ta bayan Sallah. Ƙanwarsa Haulatu, wadda ta yi jinyarsu duka biyun, ta fara magana da bango, har aka ɗaure ta.

Ya koma wurin Kabo yana kuka, ya ce a karɓe komai.

"Ba a mayarwa," in ji bokan. "An kawo maka su har gida. Je ka yi bincikenka."

Sharfaddeen bai sake shiga ɗakin gwajin ba. Ma'aikata suka watse, injuna suka yi tsatsa. Shi kuwa yana yawo a tasha ba takalmi, in ya ga mutum sai ya kama hannunsa yana laluben jijiya.

Kada kowa ya ruɗi kansa da cewa niyyarsa mai kyau ce. Ba a neman alheri a ƙofar boka. Wanda kwaɗayi ya hana shi jiran lokacin Allah, da jinin iyalinsa zai biya, kuma ba za a tambaye shi wa za a fara ɗauka ba.