Ɗakin Bayan Gidan Boeta Salie

Ranar wata Lahadi a unguwar Athlone, ƙamshin suyar koesister, wani fanke mai zaƙi da ake barbaɗa wa kwakwa, ya cika layi, Shafiek ya zo duba gidan da Boeta Salie ya sa a kasuwa. 'Yar gidan, Rushda, ita ta buɗe ƙofa, da garin kwakwa a leɓenta. Wallahi bawan Allahn nan bai ga rufi ba, bai ga bango ba, ita kawai ya gani.

"Ɗakin nan na baya nake so," ya ce. "In zuba 'yan haya, in riƙa samun na maganin mahaifiyata."

"Babana ne ya gina shi da hannunsa," ta ce, kanta a ƙasa.

Gaskiya ta faɗa, amma rabi. Ta san sarai hukumar birni ba ta taɓa amincewa da zanen ɗakin ba. Ta buɗe baki, ya yi mata murmushi, sai ta rufe. Haka ya sayi gidan voetstoots, kamar yadda muke cewa a nan, wato yadda ka gan shi haka ka ɗauka, har da aibinsa.

Kafin ka ce me, soyayya ta yi nisa. Boeta Salie kuwa ya ce sam.

"Duk samarin garin nan, ki rasa wanda za ki so sai wanda muka..." Ya kasa ƙarasawa.

Kullum Shafiek ya turo saƙo: "'Yar Kwakwata, kin yi shiru. Na yi laifi ne?" Sai ta kife wayar ta yi ta kuka. Kai, ɓoye abu ga mai ƙaunarka akwai ciwo!

Rannan maƙwabci ya kai ƙara, hukuma ta ce a rushe ɗakin, 'yan haya suka kwashe kayansu. Shafiek ya zo jiki a sanyaye.

"Don Allah kar ki gaya wa Boeta. Tsoho ne, na tabbata bai sani ba."

Wannan maganar ce ta karya ta. Yana fita ta rubuta: "Ya sani. Ni ma na sani, tun ranar da na buɗe maka ƙofa. Tsoron kada ka tafi ne ya rufe min baki. Na cuce ka, na cuci Mamarka."



Ran Asabar ta tasa mahaifinta a gaba har gidan, yana riƙe da guduma.

"Ni na gina, ni zan rushe," in ji tsohon. "In hukuma ta amince da zane, ni zan sake ɗora maka shi, yarona."

Shafiek ya dubi Rushda. "Lauya ya ce tunda kun sani kuka ɓoye, ina iya mayar muku da gidan."

"Ka mayar," ta ce. "Ni ma ka rabu da ni, na cancanta."

Ya daɗe yana kallon bangon nan. Sannan ya miƙa hannu ya karɓe gudumar.

"Kawo, Boeta, bayanka ba zai iya ba. Gida kam ban ga aibinsa ba na saya. Nata aibin kuwa na gani, da bakinta ta nuna min. Ina neman 'yarka. Voetstoots."

Tsohon ya rufe fuska da hularsa.

An ɗaura aure bayan Babbar Sallah, sabon ɗakin ya kai linta, da amincewar hukuma. Allah ya ba su zaman lafiya, ya raba su da ɓoye-ɓoye, amin.