Kifayen Ɗakin Baba

Ledar ta dire masa a kan teburin shagonsa, ruwa ya fantsama har gaban rigarsa.

"Ga kifinka. Duka shida."

Mai Kifi ya dubi ledar, sannan ya ɗago ya dube ta. Farar rigar asibiti ce a jikinta, idanun nan sun yi jawur saboda rashin barci. Auta ake ce mata, nas ce a ɗakin masu karaya. Da safen nan ta taso daga aiki, ta tarar da kifayen sun juya ciki sama a cikin akwatin gilashin, ko kaya ba ta sauya ba ta fito. Karo na biyu ke nan cikin wata guda.

Bai musa mata ba, kujera ya tura mata. Ta ƙi zama. Ya tambaye ta yadda take kula da su, tambayar kuwa ta ƙona mata rai. Ita za a koya wa tsabta? Ta lissafa masa tiryan-tiryan: duk mako sai ta kwashe kifin, ta zubar da ruwan kaf, ta wanke gilashin da sabulu, ta tafasa tsakuwar, soson da ke cikin matatar ruwan ma sai ta cuɗe shi ya yi fari tas.

Mutumin nan ya dafe kai.

"Ranki ya daɗe... ai tsabtar ce ta kashe su."

Ya yi mata bayani a hankali. A cikin soson nan da take gani kamar ƙazanta akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dattin kifi kafin ya zama guba. Duk wankin da ta yi, su take kashewa. Ruwan famfo kuma akwai maganin da ake zuba masa, wanda ke ƙona kifi in ba a kashe kaifinsa ba. Daga nan ya ce ba zai sayar mata da ko ɗaya ba sai bayan mako huɗu, sai ruwan ya zauna.

"Mako huɗu?" in ji ta. "Ba don ni ba ne..."

Sai a lokacin ta zauna.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Babanta ya shanye, magana ta tafi sai ɗaiɗaikun kalmomi. Mama ta daɗe da rasuwa. Yayyenta kowa na can da iyalinsa, tasu ba ta wuce waya da "Allah ya ba ki lada, Auta." Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke zama da shi in tana wurin aiki, amma duk abin da Gwaggo ta yi sai Auta ta dawo ta sake shi da hannunta: shimfiɗa, wanka, juya shi, jera matasai. Ba ta yarda da hannun kowa ba. Baba kuwa bango ya juya wa fuska, wuni guda. Ranar da ta kawo akwatin kifin nan ne ya fara waiwayowa.

Mai Kifi ya saurare ta har ta gama. Ya ce zai zo da la'asar.

Ya zo da bokiti da buhun yashi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi ta ba shi labari kamar ana amsa masa. Akwatin ya ɗauke daga bakin taga, wai rana ke jawo gansakuka. Ya shimfiɗa yashi, ya dasa ciyayin ruwa masu faɗin ganye waɗanda ba sa son haske da yawa, ya ɗaure wani tsiro a jikin guntun icce da zare. Sannan ya zaro wani tsohon soso baƙi ƙirin daga leda, na shagonsa, ya matse shi a cikin ruwan nan mai kyau.

Auta ta yi kamar ta tashi sama.

"Wace irin ƙazanta ce wannan a ɗakin mara lafiya?"

"Iri ne nake shuka miki."

Wani sauti ya fito daga gadon. Ta juya a firgice, ashe dariya Baba yake, da rabin baki.

Duk Alhamis sai Mai Kifi ya zo ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani ya duba launinsa. Akwatin ba kifi, sai ganye da kumfar iska, amma Baba kallo yake. Ita ma ba ta san lokacin da ta fara sauya aiki da abokan aikinta don Alhamis ta same ta a gida ba. Ba wani kyakkyawa ba ne, dogo ne siriri mai ƙarnin ruwa a hannu, sai dai duk ɗakin da ya shiga hayaniya kan kwanta.

Da mako huɗu suka cika ta je zaɓe. Manyan jajayen nan ta nuna, ya girgiza kai, ya ce girma suke yi har su fi ƙarfin akwatin, ga yawan kashi. Ta nuna wani mai dogon jela kamar mayafi, ya ce wannan mafaɗaci ne, ba ya zama da kowa. Ya kamo mata ƙanana shida masu shuɗin layi da ke yawo a garke, da biyu masu gashin baki da ke tsintar ƙasa, da dodon koɗi ɗaya. Abinci kuwa, abin da yatsu biyu suka tsinko, sau ɗaya a rana.

Yana ɗaure ledar, kansa a ƙasa, ya ce, "Autar Baba... ina so in turo manyana."

Tana son sa, wannan ba ta da shakka. Amma abin da ya fito daga bakinta daban.

"Wa zan bar wa Baba?"

Ya ce ta yi tunani, shi ya iya jira.

Gwaggo ce ta fara ɗaga hankali. Mai sayar da kifin da ko a tukunya ba ya shiga? Duk karatun nan nata a nan zai ƙare? Ga mai kemis na bakin layi, shekara biyu yana bin ta, mutum mai mutunci, shi ke ba Gwaggo man shafawa na gwiwa. Mai kemis ɗin kuwa bai zauna ba. Shi ya raɗa wa Gwaggo cewa irin waɗannan mutanen da gangan suke ba da kifi mai ciwo don su sami hanyar shiga gidajen mutane. Maganar ta kai kunnen babban Yaya, ya kira ya yi faɗa na rabin awa, ya kashe bai ko tambayi jikin Baba ba.

Auta ta toshe kunne, har ranar da ruwan akwatin ya yi fari kamar an wanke shinkafa. Kwana biyu a jere ta yi tana aikin mutum biyu. Ta dawo ta tsamo uku matattu. Baba yana ta buga katifa da hannunsa mai lafiya yana nishi, ta ɗauka ciwo ne, ta ba shi magani ta juya shi.

Mai Kifi ya zo, ya sunkuya ya shinshina ruwan, ya tona yashin da yatsa. Ya ce abinci ne ya yi yawa ya ruɓe.

"Ba mai taɓa akwatin nan sai ni."

"To wani yana taɓawa."

Gajiya muguwar aba ce, takan sa mutum ya ari bakin maƙiyinsa.

"Ko dai gaskiya ake faɗa... marasa lafiya kake kawowa don ka riƙa samun na zuwa?"

Ya zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, ya zuba sabo, ya goge inda ya jiƙa. Ya riƙe hannun Baba ya yi masa sallama, ya ɗauki bokitinsa.

Alhamis biyu suka wuce, ƙofa shiru. Tana ba marasa lafiya magani tana hawaye, in an tambaya ta ce mura ce.

Wata rana aka sallame ta da wuri, ta shigo gida da azahar. Daga bakin ƙofa ta hango Gwaggo tsaye a kan akwatin da cokalin shayi cike da abinci, ga ɓarɓashin burodi a ɗaya hannun.

"Gwaggo!"

Gwaggo ko a jikinta. Wai bayin Allah kullum baki buɗe, tausayi suke ba ta. Ai mai kemis ne ya ce mata yunwa ake gana musu da gangan, ta riƙa ƙara musu in Auta ta fita, kada ta faɗa.

Auta ta zauna a bakin gado. Baba ya sake buga katifar, irin bugun nan dai, yana kallon cokalin. Ashe duk kwanakin nan magana yake yi mata, ita kuwa tana ɗura masa maganin ciwo. Ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kuka mai isarta. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito.

"Je... ki."

A shago ta sami Mai Kifi yana ɗiban ruwa. Ta faɗa masa komai, ta ba shi haƙuri, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Ya ajiye tiyon ya share hannu. Ya ce zargin ya yi masa ciwo, amma ba shi ne ya fi ba.

"Kin tambaye ni wa za ki bar wa Baba. Ni yaushe na ce ki bar shi? Cewa nake mu zama mu biyu. Amma ke ko matashin kai ba ki yarda wani ya gyara ba."

"Ban iya ba ne..." ta ce a hankali. "Wallahi na gaji, kuma ban iya ba."

"Na sani, 'yar nas ɗina. Za ki koya."

Da maganar aurensu ta taso, Yaya ya yi ta kumfar baki, amma da aka tambayi Baba a gaban kowa ya gyaɗa kai har sau uku, magana ta ƙare. Gwaggo kunya ta sa ta fi kowa rawar jiki a hidimar bikin, ta kuma sauya wurin sayen man gwiwa. Gida mai ɗaki biyu suka kama a ƙasa, mai faɗin ƙofa yadda keken da ake tura Baba zai wuce.

Kwana tara da tarewa, ta dawo daga aiki da hantsi ta ce bari ta ɗan miƙe kafin lokacin juya Baba da ba shi maganin ƙarfe biyu. Ba ta farka ba sai da rana ta yi sanyi.

Ta diro a guje, ko ɗankwali babu.

Baba na kwance a ɓarin dama, an sauya masa riga, ga kofin magani an ɗauraye an kife. Mijinta na zaune a ƙasa yana yanke masa farce. Idonta ya faɗa kan matasan. Ba haka take jera su ba, na bayan ya yi sama da yawa, na ƙafar kuma a karkace yake.

Ta miƙa hannu.

Baba ya riƙe mata wuyan hannu da 'yan yatsunsa. Kallonta kawai yake. Ta duba da kyau, da idon aikinta: ƙashin bayansa a miƙe, diddigensa ba ya taɓa katifa, numfashinsa lafiya lau.

"Da sauran ruwan zafi in za ki yi wanka," in ji mijin, bai ko ɗago ba.

Ta janye hannunta a hankali. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ta koma ɗaki ta ja bargo, ta ce a tashe ta in an kira magariba.