Mai Jiran Mero

Rana ta yi ja, kaji sun shige akurki, sa'ad da Saude ta cika bokiti ta tsoma hita, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke dafa ruwa da lantarki, don mahaifinta ya samu na wanka kafin magariba. Ruwan bai ko fara tsuwa ba, sai makunnin da ke jikin katakon mita ya buga ƙas, ya faɗo. Fitilar zaure ta mutu. Malam Aƙilu ya taso ya mayar da shi sama, ya sake faɗowa. Sai wani dutse ya sauka kan kwanon madafa, ya gangaro a hankali har bakin ƙofa.

Malam Aƙilu malamin ofishin hakimi ne a Karaye, mutum mai ƙarancin magana. A damina ya kai matarsa Mero jinya gidan iyayenta a Jajaye, can ta cika, can aka yi zaman makoki. Da ya dawo sai ya ja ƙofar madafarta ya sa kwado. Tuwo daga gidan yayarsa ake kawowa, ruwan zafi kuwa ya sayo hita daga Kano. Shi da 'yarsa Saude kaɗai suka rage a gida mai ɗaki huɗu, kuma ba wanda ya ƙara ambaton sunan marigayiyar. In sun haɗu a tsakar gida sai gaisuwa, kowa ya wuce.

Washegari ya kira Ɗantala mai gyaran wuta. Ɗantala ya kwance filogi ya duba, ya bi waya da yatsa ko ta ci wani wuri, ya canza soket. Ya ɗauki hitar ya kai maƙwabta, ta tafasa ruwa lafiya lau. Ya dawo da ita da hantsi ya jona, nan ma ta yi aiki.

"Ranka ya daɗe, ni dai ban ga laifinta ba," in ji shi. "Ko an jona mata guga ne a layi ɗaya?"

"Ba mu da guga. Kuma jiya da almuru ne ta kashe wutar."

Ɗantala ya dubi ƙofar madafa, ya tattara kayansa, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Haka abin ya ci gaba. Da rana ta kusa faɗuwa makunni ya faɗo, dutse ya biyo baya. Daga baya aka fara jin wani abu a cikin madafar da ke kulle, kamar mutum ya durƙusa yana hura wuta da baki, ya huta, ya sake hurawa. Saude ta daina cin abinci. Wata yamma mahaifinta ya dawo daga aiki ya tarar da ita zaune a ƙasa, ta jingina goshinta da ƙofar madafa. Ya kira sunanta, ta ɗago, sai ya ga idon ba nata ba ne. Muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ba ita ba ce," ta ce, ta mayar da kai.

Aka ɗauko Malam Ƙasimu daga Rogo Sabon Gari a bayan babur, dattijo mai sanyin murya. Bayan sallar magariba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna daf da kan yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Jikin Saude ya ɗauki rawa, sannan ya lafa.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Ta bayan murhu."

"Musulma ce?"

"Ina salla."

"To me ya kai ki zaluntar 'yar mutane, kina kashe musu wuta?"

Muryar ta ja numfashi. "'Yan'uwana sun tashi tun da aka sare tsamiya aka kafa turakun waya. Ni na zauna saboda matar gidan. Kullum yamma tana hura wuta, tana 'yan waƙoƙinta, ni ina gefe ina jin ɗumi. Ba ta taɓa zubar da ruwan zafi ba bismilla ba. Yanzu sun kawo ƙarfe yana yi mata aikinta. Na ce in ƙarfen ya ƙi, dole ta fito ta hura." Sannan ta ce, "Malam, ina take? Ta daɗe."

Malam Ƙasimu ya juya ya dubi maigida.

Sau da yawa an yi wa Malam Aƙilu gaisuwar mutuwar ya amsa, amma shi da bakinsa bai taɓa faɗa ba.

"Mero ta rasu," ya ce. "Tun damina. Ba za ta dawo ba."

Hawaye ya gangaro a fuskar Saude, babu wanda ya san ko na wace ce a cikinsu.

"To a bar ni a jikin yarinyar. Ƙamshinsu ɗaya."

"Ba a barin ki."

"A riƙa hura mini wuta da yamma."

"Ba za a hura wuta don ke ba. Ki ji tsoron Allah ki fita, ki nemi danginki."

"To a buɗe mini ƙofar in ga wurin, in tafi."

Malam ya gyaɗa kai. Malam Aƙilu ya ciro mabuɗi ya cire kwadon. Duwatsun murhu na nan yadda aka bar su, da tsohuwar toka a tsakaninsu. Saude ta dubi wurin ta daɗe, ta yi atishawa, ta sulale a kan tabarma. Wata iska mai sanyi ta bi ta zaure ta fice.

Da Malam Aƙilu ya rako malam bakin ƙofa, sai ya ji kansa yana tambaya, "Allah gafarta malam, ina za ta je?"

"Ƙasar Allah da faɗi. Kai dai koma wurin 'yarka."

Ya koma ya tarar Saude ta farfaɗo, tana zaune a bakin madafa ta rungume gwiwoyinta. Ya tsaya kamar zai wuce ɗakinsa, sai ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Baba," ta ce a hankali, "a Jajaye, kafin ta cika, ta yi maganata?"

"Ta yi," in ji shi. Ya gyara zama, ya fara ba ta labari tun daga ranar da suka isa.